Zaman Shawara Kan Taba da Amanar Wakili

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, waɗansu kan tambaya ko ya halatta Musulmi ya zauna da waɗanda ba Musulmi ba don ƙulla yarjejeniya a kan taba. Amsa tana cikin tarihin Manzon Allah. Tun kafin a aiko shi ya halarci Hilful Fuduli a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana a Makka, inda Ƙuraishawa suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta. Bayan Annabci kuwa yabon wannan alkawari ya yi, ya nuna da za a kira shi ga irinsa da ya amsa.

To, taba ma akwai wanda take zalunta, watau matar da ke shaƙar hayaƙin mijinta da jaririn da ke goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Malamai na da sun saɓa a kanta, har Ahmadu Baba na Tambutu ya halatta ta, amma a zamaninsa likitoci ba su gano tana kawo sankarar huhu ba.

Saboda haka wakilan ƙasashe suka yi ta zama a birnin Janiba daga 2000 zuwa 2003, aka amince da yarjejeniyar a watan Mayu na 2003, ta fara aiki a 2005. Wakilin da aka tura irin wannan zama amana ya ɗauka. Idan ya sassauta magana don kamfanin taba ya lallashe shi, ya ci amanar waɗanda suka aike shi. Yarjejeniyar da kanta ta umarci gwamnatoci su hana waɗannan kamfanoni sa baki cikin dokokin lafiya.

Sa hannu kuwa alkawari ne, kuma da umarnin cika alkawari aka buɗe Suratul Ma'ida. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar a 2005, amma sai a 2015 ta kafa dokar da ta hana sayar wa yaro ƙasa da shekara 18 taba, ta kuma hana sayar da ita kara ɗaya-ɗaya. Har yanzu masu tebur da yawa kara-kara suke sayarwa, har ga yaron da babansa ya aika.