Kafin A Ce Yaro Kunnen Ƙashi Gare Shi

A wata makarantar allo da ke gefen birnin Gadarif, irin wadda mutanen Sudan ke ce wa halwa, a unguwar jikokin mahajjatan da suka baro ƙasar Hausa a ƙafa, suka ya da zango nan suna noman dawa da riɗi, na ga wani yaro wanda in malam ya kira shi daga hagu sai ya waiwaya dama, ya yi ta rarraba ido, har bulala ta sauka a gadon bayansa, ana cewa ai jiki ya fi kunne ji. Ashe tun shekarar da sanƙarau ya kwantar da shi kunnensa na hagu ya mutu, ba kuwa wanda ya lura, domin da na dama yana ɗaukar karatu sarai.

Tun ran nan wannan mas'ala take ci mini rai: shin jarraba jin yaro tun bai yi baki ba shisshigi ne cikin ƙaddara, kamar yadda waɗansu dattawanmu ke gani, ko kuwa yana cikin amanar da aka ɗora wa iyaye?

Sai mu fara duba hikimar Mahalicci. Sautin da ya taso daga dama yakan riski kunnen dama kafin na hagu da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ƙoƙon kai kuma ya tare shi har ya isa ɗaya gefen da rauni, da wannan ɗan bambanci ne ƙwaƙwalwa ke yanke hukuncin inda mai kira yake. Haka wani masanin Ingila, Lord Rayleigh, ya bayyana a 1907. A 1944 kuma, a birnin Manchesta, Irene Ewing da mijinta Alexander suka tsara jarrabawa mai sauƙi: a zaunar da jinjiri ɗan wata bakwai ko takwas a cinyar uwarsa, wani ya ɗauke masa hankali ta gaba, wani ya laɓaɓo ta baya ya ɗan taɓa cokali a jikin kofi daidai saitin kunne, a ga ko zai juya, kuma ina zai juya.

Ni dai ban ga inda wannan ya saɓa wa tawakkali ba, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna. Mu ne fa muke yi wa jariri kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu. Ƙaƙa za mu lasafta kunnuwan biyu ranar haihuwa, sa'an nan mu manta da ɗaya? Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa ji abin tambaya ne ranar hisabi, amma malaman usulu sun tabbatar babu taklifi sai da iko, saboda haka dukan yaro a kan abin da ba a hore masa ba zalunci ne, ko da niyyar tarbiyya aka yi shi.

Ya ku iyaye da alarammomi, duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ko ƙyanda ko hangum, ku kira sunansa a hankali ta bayansa, dama da hagu. In ya ruɗe, ku kai shi asibiti a auna shi, a zaure kuma ku zaunar da shi ta yadda lafiyayyen kunnensa zai fuskanci malam.