WA ZAI RIƘE WA MAKAHO SANDA?

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Bagudo, daga Kaoje zuwa Tsamiya, ko Illo da Lolo a bakin iyakar Benin, ya sha ganin wannan: dattijo makaho riƙe da gindin sanda, ƙaramin yaro riƙe da kanta, suna ratsa jama'a. Mukan jefa sadaka a ƙoƙo, mu yaba wa yaron da biyayya, mu wuce. Da wuya mu tambayi kanmu dalilin da ya sa yake nan, alhali tsararrakinsa suna aji.

Abin ya daɗe a ƙasashen bakin kogi, inda cizon baƙin ƙuda yake kawo makanta. Har a hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba akwai mutum-mutumin yaro yana jan makaho da sanda. A 1974 aka soma babban yaƙi da wannan cuta a Afirka ta Yamma, har da Benin, a 1987 kuma kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta. A 2025 aka tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ta farko a Afirka. Mun gode wa Allah. Amma yanar ido da shan-inna da haɗarin babur suna nan, kuma har yanzu yara da yawa ne idon manya da ƙafafunsu.

A wasu ƙasashe kare aka ɗora wa wannan aiki. A 1916 aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a Oldenburg ta Jamus, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta bi sahu a 1929, a 1975 kuma wata malama, Bonnie Bergin, ta soma horar da karnuka domin guragu. Irin wannan kare yakan ɗauko abin da ya faɗi, ya buɗe ƙofa, ya kunna fitila. Renonsa da horonsa sukan ci wajen shekara biyu.

Abin lura shi ne yadda ake neman karen. Mai buƙata yakan cika takarda, ya kawo shaidar likita, sa'an nan ma'aikata su zo gidansa su zauna da shi. Sukan tambaye shi ina yake zuwa kullum, wane aiki yake son yi, me ya fi ba shi wuya, kuma ko zai iya ciyar da dabbar ya kula da lafiyarta. Wato ana ɗaukarsa mutum mai niyya da shawara, wanda shi ma za a damƙa wa amana. Haka Ubangijinmu ya yi da Bartimawus a hanyar Yariko. Yana ganin makantarsa ƙuru-ƙuru, duk da haka sai da ya tambaye shi abin da yake so, ya saurari amsa daga bakinsa. Mu fa, yaushe rabonmu da tambayar gurgun unguwarmu abin da yake so, ban da abin da muka ga dama mu ba shi?

Ba muna cewa a kawo irin waɗannan karnuka Bagudo gobe ba. A wurinmu kare na farauta ne da gadi, sunansa ma zagi ne. Da yawa cikin maƙwabtanmu ba za su yarda ya shiga zaure ko shago ba, ga tsoron haukan kare, ga kuma gidan da tuwon dare yake gagara. Sai dai fa, in mun ce kare bai dace da mu ba, tilas mu amsa tambayar da ta rage: wa zai yi aikin? Amsar da muka daɗe muna bayarwa a shiru ita ce yaro, domin shi ne ba ya da bakin ƙi. Hakkin uba a kan ɗansa gaskiya ne, doka ta huɗu ta koya mana. Amma ba daidai ba ne nauyin da ya rataya a wuyan gari duka a sauke shi a kan mafi ƙanƙanta, har ya girma ba karatu ba sana'a. Ta haka nakasar mutum ɗaya takan zama talaucin mutum biyu.

Mu tuna da Littafin Tobit. Da tsohon ya makance, ɗansa Tobiya bai ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Mahaifiyarsa Hannatu ta yi aikin hannu ta ciyar da gida, Mala'ika Rafa'ilu ya raka shi tafiya, har karen gidan ya bi su ya dawo tare da su. Kowa ya ɗauki rabonsa kafin idon tsohon ya buɗe.

Saboda haka muna roƙon kowace majami'a, har da na ƙauyuka, katikis da dattawa su ziyarci makafi da guragun da ke kewaye da su, Kirista ko Musulmi, su tambaye su abin da suke buƙata. Zumuntar Mata Katolika da matasa su raba kwanakin rakiya zuwa kasuwa da asibiti da Misa, domin ɗan jagora ya koma aji. Wanda yanar ido ce ta rufe masa gani a kai shi a duba, gama aiki kaɗan yakan buɗe ido. Zumunta dai a ƙafa take.

Allah ya buɗe idanunmu mu ga mutum biyun da suke riƙe da sandar nan. Amin.