Zanen ranar da hannu ya ƙi

A watan Disamba na shekarar 2004 wani mai zane da ke zaune a Richmond, cikin jihar Bajiniya ta Amurka, mai suna Duane Keiser, ya ɗaukar wa kansa alkawarin da ba wanda ya tilasta masa: kowace rana zai yi zane ɗaya da fentin mai, ɗan ƙarami kamar katin gidan waya, ya gama shi a ranar, ya kuma nuna wa jama'a ta intanet kafin ya kama na gobe. Abubuwan da yake zanawa na cikin gida ne, ƙwai, ko ɗan itace, ko kofi bisa tebur. Keiser gwani ne, ya yi karatun zane har ya koyar da shi a jami'a, ƴan zanensa kuwa sun yi kasuwa. Amma abin da ya biyo baya ya zarce shi. A 2006 Carol Marine ta kama wannan hanya a jihar Tekzas, a 2014 ta fitar da littafi a kanta. A 2009 Jake Parker ya ƙago abin da ya kira Inktober, wato zane 31 da tawada cikin kwanaki 31 na watan Oktoba. A 2016 Charlie O'Shields ya keɓe watan Yuli ga fentin ruwa. Masu amsa irin wannan kira, mafi yawansu ba da zane suke ci ba: ma'aikata ne, da ɗalibai, da matan aure, da tsofaffin da suka ajiye aiki, kowa da ƴar takardarsa da sau da yawa ba ta wuce santimita 15 kowane gefe ba.

Faransawa na kiran irin wannan mutum amateur, kalmar da tushenta na Latin ke nufin mai son abu. Mu da Hausa sai mu ce ɗan koyo, amma ba daidai suke ba. Ɗan koyo yana kan hanyar zama gwani, maigidansa na jiran ranar da zai yaye shi. Wannan kuwa mai yiwuwa ne har ya mutu bai gwanance ba, kuma ya san haka.

Amfanin yin abu kullum ba ya bukatar gardama. Tun zamanin Rumawa, Pliny Babba ya ruwaito cewa Apelles, mai zanen Iskandari Mai Girma, ba ya bari rana ta faɗi bai motsa hannunsa da ko layi ɗaya ba. Ƙanƙantar takardar ma da hikimarta: ana gamawa cikin awa ɗaya ko biyu, fenti kaɗan take ci, in ta lalace ba a yi babbar hasara ba, saboda haka tsoro ya ragu, hannu ya saki. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Tambayar da ta dame ni wata ce dabam. Don me sai an nuna? Hokusai, babban mai zanen Japan, a wajejen 1842 da 1843, yana da shekara fiye da tamanin, kowace rana yakan zana zaki irin na tatsuniyoyin Sin don neman tsari daga sharri; fiye da 200 sun tsira har yau, amma ba don idon jama'a ya yi su ba. In gwani irin wannan ya wadatu da yin aikinsa na kullum tsakaninsa da takarda, me zai sa wanda bai iya ba ya riƙa shanya gazawarsa a bainar jama'a?

Mai karatu ya san amsar da tarbiyyarmu za ta fara bayarwa. Yaron baduku ba ya kai jakar da ya ɗinka kasuwa sai maigida ya juya ta, ya duba ɗinkin, ya yarda. Wanda ya yi gaggawar nuna aikinsa akan ce ba shi da kunya, ko kuma yana da son a sani. Wannan hukunci ba na banza ba ne, kuma ba mu kaɗai muke jin nauyinsa ba. Winston Churchill ya fara zane a 1915, yana da shekara 40, bayan da aka sauke shi daga shugabancin ma'aikatar sojan ruwa ta Ingila sakamakon kashin da aka sha a Dardanelles. Ya yi zane fiye da 500 a rayuwarsa. Duk da haka, da zai nuna wasu a Paris a 1921, da sunan Charles Morin ya fake, a 1947 kuma ya aika wa Royal Academy ta Landan da sunan David Winter. Mutumin da bai ji tsoron majalisa ba ya ji nauyin a ga fentinsa da sunansa a ƙasa. A lura da abu biyu da ya yi: ya zaɓi waɗanda suka fi kyau, sannan ya ɓoye sunansa.

Mai zanen kullum ya juya duka biyun. Sunansa na nan, zaɓi kuma ba shi da shi, domin ƙa'idar ta ce na yau za a nuna, yadda duk ya fito. A nan, a ganina, bambancin yake tsakanin wannan al'ada da riya. Mai riya zaɓe yake yi. Yakan fitar da abin da zai jawo masa yabo, ya tura saura ƙarƙashin tabarma. Wanda ya ɗaure kansa da kwanan wata ya sarayar da wannan dama tun ran farko. Ya yarda a gan shi ranar da hannu ya ba da haɗin kai, a kuma gan shi ranar da hannu ya ƙi.

Ban fahimci tsadar wannan ba sai da na gwada. Wani hunturu mu biyar muka yi alkawarin kwana talatin da fentin ruwa, kowane maraice kowa ya ɗauki hoton nasa da salula ya aika wa sauran. Babu gwani a cikinmu. Babbanmu tsohon mushe ne da ya yi shekaru yana koyarwa a lakwal kafin ya huta. Ran kwana na goma sha ɗaya na ajiye butar shayi a gabana bayan la'asar, na yi ta fama har aka kira magariba, abin da ya fito ya fi kama da kunkurun da aka taka. A cikin kayena kuwa akwai wata albasa da na zana shekaranjiya da safe, ƙari bisa na ranar, ta yi kyau fiye da ƙarfina, ban nuna wa kowa ba. Na daɗe ina duban su biyu. Albasar na aika.

Yabo ya zo nan da nan. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya da bakina ba, albasar tawa ce, hannuna ya yi ta. Amma daren nan yabon ya tsaya mini a maƙogwaro, domin abin da abokaina suka ɗauka sun gani shi ne ranata, ni kuwa na ba su wata rana dabam. Ashe alkawarin da muka yi bai tsaya ga yin zane talatin ba. Mun yi alkawarin barin juna su ga kwana talatin na gaskiya. Washegari na aika da butar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya biyo baya shi ne rabin maganar da masu wannan al'ada suka fi mantawa. Uku daga cikin abokaina suka ce madalla, ta yi kyau, hannu na ƙara faɗawa. Na san ba ta yi kyau ba, su ma sun sani. Tsohon mushe shi kaɗai ya rubuto wani abu dabam: «Ƙanena, bakin butar nan daga sama ka gan shi, gindinta kuma daga gefe. A ina ka zauna?» Na koma na duba, na ga haka ne. Na san bakin buta da'ira ne, sai na zana da'ira cikakkiya, alhali daga inda nake zaune abin da idona ke gani ɗan siriri ne kamar ƙwallon dabino a kwance. Na zana abin da na sani, na bar abin da na gani. Wannan kuskure kusan duk mai koyon zane yana yin sa, kuma ba mai fita daga cikinsa sai ya koyi yi wa saninsa shiru ya saurari idonsa.

To, cikin amsoshin nan huɗu wace ce ta girmama ni? Ukun farko daga zuciya mai kyau suka fito, ba na zargin kowa. Sai dai mutum na iya cewa madalla bai ko buɗe hoton ba. Tambayar mushe kuwa ba ta yiwuwa sai an zauna an duba, an bi layin bakin buta da ido, an gwada shi da na gindi. Ya biya ni da irin kuɗin da na kashe, wato lura. Idan mai zane ya danne kunyarsa ya nuna aikin da ya lalace, sannan aka amsa masa da yabon da ba na gaskiya ba, an bar shi ya tuɓe a banza. Nauyin gaskiya a wannan ciniki bai rataya a wuyan mai nunawa shi kaɗai ba. Kuma a lura, mushe bai ce zanen ya yi muni ba, bai ce in bar fenti in koma ga abin da na iya ba. Tambaya ya yi wadda ta mai da ni gaban butar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba zan ɓoye cewa al'adar na da ramukanta ba. Ƙidaya na iya zama ubangida, har mutum ya riƙa zubar da fenti cikin minti biyar don kada lissafinsa ya karye. Parker da kansa ya buɗe ƙofa ga mai yin zane bayan kwana bibbiyu ko sau ɗaya a mako, a 2020 kuma ya fito da tsarin zane ɗaya kowane mako har shekara ta zagayo. Rami na biyu ya fi zurfi: mutum ya gane abin da ke kawo yabo, faɗuwar rana ko fure, sai ya zauna a kansa, ya daina taɓa hannun mutum ko kujera ko duk abin da zai tona shi. Wannan zaɓe ne ya dawo ta ƙofar baya, kamar albasata.

Akwai kuma sabon dalilin da ya ƙara wa maganar nauyi. Tun 2022 manhajojin kwamfuta da ke ƙirƙiro hoto daga ƴan kalmomi suka shiga hannun jama'a, cikin daƙiƙoƙi sai su ba ka butar shayi da ba ta da aibi. Kyakkyawan hoto ya yi araha ke nan. Abin da injin ba zai iya bayarwa ba shi ne shaidar cewa wani mutum, a wata rana, ya zauna awa guda gaban wani abu ya dube shi. John Constable na Ingila, sa'ad da yake zanen gizagizai a Hampstead a 1821 da 1822, yakan rubuta a bayan takardar kwanan wata, da sa'a, da inda iska ke fitowa. Ƴan rubuce-rubucen nan kamar sa hannun mai shaida ne: wannan sama ce ta rana kaza, na gan ta. Zanen kullum na mai sha'awa, kome karkacewarsa, daga wannan zuriya yake, muddin kwanan watan da ke kansa gaskiya ne.

Ina roƙon ƴan'uwana malamai su dubi bangon ajinsu da wannan ido. Mun saba mu zaɓi zane biyar mafi kyau mu liƙa, sauran yara su koyi darasin da ba mu yi niyyar koyarwa ba, cewa zane na wasu ne, abin da bai yi kyau ba kuma ɓoye shi ake yi. Da yawa daga cikinsu daga nan suke ajiye fensir, ba su sake ɗauka ba. Da za a ba yaro ɗaya jeri guda a bango, ranakunsa a jere da kwanan wata, mai kyau da maras kyau, sannan a hana ƴan ajin cewa ya yi kyau ko bai yi ba, a ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani, da an koyar da abin da ya wuce zane. Takarda da fenti na da tsada a wurinmu, gaskiya ne, amma gawayi da bayan tsohon kaye sun isa.

Ran da kwana talatin suka cika muka haɗu a gidan mushe, kowa ya shimfiɗa takardunsa bisa tabarma. Da muka iso kan albasa sai na faɗa musu abin da na yi. Ukun nan suka yi dariya, suka ce ba kome. Mushe ya ɗauki takardar, ya matso da ita kusa da tabaransa, ya ce: «Na sani, ƙanena. Zanenka duka inuwarsu dama take faɗuwa, don da la'asar kake yin su bakin taga ɗaya. Ta albasar nan hagu ta yi.» Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa a lokacin. Ya ce jira yake ya ga ko butar za ta zo.