Fenti a Kan Tsatsa

Karatu: Yohanna 21:15-19

Yau da zancen keke za mu fara. A 1981 kamfanin Specialized na Kalifoniya, a Amurka, ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan hawan dutse na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. A Japan aka haɗa shi. Giyarsa ta SunTour ce, birkinsa na kamfanin Mafac ne na Faransa, hannayen birkin kuwa irin na babur ne. Waɗanda suka rage a yau kaɗan ne, akwai kuma masu farautarsu don su mayar da su yadda suke ranar da suka bar shago.

Aikin sai mai haƙuri. Mafac ya daɗe da rufewa, saboda haka sai a gwanjo ake samun kayansa, mutum kuma yakan yi wata da watanni yana neman birki guda. A nan jaraba take shigowa. Ga wani birki mai kama da shi, ga fenti, ga sabon tambari da za a manna. Cikin mako ɗaya keken zai yi ƙyalli, mai saye ba zai gane ba.

Tambayarmu ita ce: yaushe gyara yake zama ƙarya?

Sa sabon kaya ba laifi ba ne. Taya da kaca dole su tsufa, dole a canja su. Mai gaskiya yakan ce wa mai saye, wannan na asali ne, wannan ni na sa, nan kuma an yi walda. Ƙarya tana farawa ne sa'ad da ya yi shiru don a biya shi kuɗin na asali. Akwai haɗari kuma. Bututun ƙarfe yakan yi tsatsa daga ciki, inda ruwa ya kwanta. In aka shafe shi da fenti ba a duba ba, a kan gangara zai karye, da mutum a kai. Shi ya sa masanan waɗannan kekuna sukan fi daraja tsohon fenti mai ƙarzuwa a kan sabo, gama tsohon bai ɓoye kome ba.

Haka yake a ikkilisiya. Ɗan'uwa ya faɗi, ya ci kuɗin baiko ko ya ci amanar aurensa. Bayan Lahadi biyu yana so ya koma mawaƙa ko bagadi, mu ma muna hanzarin rufe zancen don kare sunan ikkilisiya. Wani zai ce, ai Allah ya gafarta, me ya sa za a tone? Gaskiya ne, jinin Yesu ya isa, ba a sayen gafara. Amma dubi yadda Ubangiji ya yi da Bitrus. Sau uku ya yi musunsa, sau uku kuma Yesu ya tambaye shi game da ƙaunarsa, har Bitrus ya yi baƙin ciki. Bayan kowace amsa ne ya danƙa masa kiwon tumaki. Dukan Linjila huɗu sun rubuta musun nan, duk da haka shi ne ya tashi ya yi wa'azi ranar Fentikos.

A wuri ɗaya misalin keke ya kāsa. Mai gyara yana yawon neman tsohon kaya, Allah kuwa sabuwar zuciya yake bayarwa (Ezekiyel 36:26). Sai dai yana so ka buɗe masa inda tsatsar take. In akwai wanda ka cuta, je ka same shi a makon nan. In kuɗi ne, fara mayarwa, ko da kaɗan-kaɗan.

Addu'a: Ya Uba, na gaji da rufe-rufe. Bari Ruhu Mai Tsarki ya nuna mini abin da na ɓoye, ka ba ni ƙarfin furtawa da mayarwa, cikin sunan Yesu. Amin.