Kafin Ka Sayi Ƙaramin Ƙahon Tuba

Ɗana, tunda ka zaɓi tuba a cikin kayan busa, ka san irin kayan da ka ɗora wa kanka. Shi ne babba a ƙahonin tagulla, shi ke riƙe ƙasan murya a wajen 'yan badujala da manyan ƙungiyoyin kiɗa, kuma tun 1835 da Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz suka yi masa rajista a Berlin, masu busa shi ke fama da ɗawainiyar ɗaukarsa. Babba yakan haura kilo 10, ban da akwatinsa. Saboda haka ban ga laifinka ba da ranka ya biya ka sayi ƙarami na tafiya. Amma ka tsaya ka ji abin da kuɗinka zai sayo maka.

Tsawon bututu shi ke yanke muryar ƙaho, kuma babu maƙerin da ya isa ya rage shi. Tuba mai muryar BBb, in aka warware shi, ya kai mita 5.5. Mai CC kusan mita 4.9, mai Eb wajen mita 4, mai F kuwa mita 3.7. Abin da masu ƙera na tafiya suke yi shi ne su naɗe wannan bututu su matse shi, su tsuke cikinsa, su ƙanƙantar da buɗaɗɗen bakin da sauti ke fita. Shi ya sa da yawansu a F suke, domin shi ne mafi gajarta. Irin wanda kamfanin Meinl Weston na Jamus ya yi, har da akwati mai taya, a F yake. Sautin zai sauka ƙasa yadda ya kamata, amma faɗinsa da kaurinsa sun ragu. Duk mai sayarwar da ya ce maka ƙaramin zai cika fili kamar babba, neman kuɗinka yake yi.

To, ga inda yara suke faɗawa rami. Yaro ya saba da BBb a ƙungiyarsu, yatsunsa sun haddace inda kowace murya take, sai ya ga ɗan ƙaramin F mai sheƙi ya saya. Ya dawo gida ya tarar latsin ya sauya gaba ɗaya: muryar da yake samu ba tare da ya danna komai ba, yanzu sai ya haɗa maɓallai. Ya kwana biyu yana atisaye a kan wannan, ranar fareti yatsu su rikice. Ƙwararru suna riƙe murya biyu, gaskiya ne, a Jamus BBb da F, a Amurka galibi CC da F, amma sun ba abin shekaru. Kai da kake neman abin da zai riƙe maka leɓe da yatsu a lokacin tafiya, nemi mai murya ɗaya da babbanka. Kamfanin Wessex na Ingila yana da ƙanana a BBb. In kuma jirgi ba ya cikin lissafinka, mota ce kawai, to wanda ake kira 3/4, irin na 'yan makaranta da Yamaha ke yi, ya fi kusa da ainihin tuba, ya kuma fi juriya.

Kada ka biya sai ka busa. Tafi da ɗan kofin da kake ɗora leɓe a kai, naka na kullum, ka ga ko ya zauna daram ba ya girgiɗi. Buɗe manhajar gwada murya a wayarka, ka ja kowace murya a hankali, musamman na can ƙasa, inda ƙananan nan suka fi toshewa, ka ji iska tana dawo maka. Ka danna maɓallan ɗaya-ɗaya, ka saki, ka ji ko suna dawowa da kansu. Ka zaro bututun daidaitawa. In ya ƙi fita a shago, ba zai fita a gida ba. Wanda ba shi da maɓalli na huɗu kuwa, ka yi tunani sau biyu, domin shi ke gyara muryoyin da ke hawa sama fiye da kima.

Batun jirgi, auna akwatin da kanka, ka tambayi kamfanin jirgin ma'auninsu kafin ranar tafiya. A Amurka dokar 2012 ta ba mawaƙi damar saya wa kayan kiɗansa kujera, amma wannan dokarsu ce, ba ta bin ka ko'ina. Tagullar ƙaho siririya ce, matsi kaɗan ke lotsa ta, don haka jakar yadi ba ta shiga ƙarƙashin jirgi.

In kuwa damuwarka maƙwabta ce kawai, ba tafiya ba, ajiye kuɗinka. Abin toshe baki na atisaye, irin Silent Brass na Yamaha, zai rage ƙarar babban naka, kana jin kanka ta kunne. Sai dai shi ma yana ƙara nauyin iska, kada ka mai da shi na kullum. Ka ware ko da rana biyu a mako ka busa babban a buɗe, da cikakken numfashi. Man maɓalli kuma ya zauna a aljihun akwati, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.