Asusun Lafiya: Shin Yana Warware Tawakkali?

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa.

Ya ɗan'uwa, bayan wazifa wani ya tambaya: wanda ke zuba kuɗi duk wata a asusun lafiya, wato mutuwel, bai nuna raunin dogaro ga Allah ba? Tambayar tana da nauyi, domin mun sha ganin magidanci ya saida akuya ko ya jinginar da gona don biyan ordinansi guda.

Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi kuwa aikin gaɓoɓi. Manomin da ya ɗaure damman hatsi ya zuba rumbu bai tuhumi Mai azurtawa ba. Abin tsoro shi ne zuciya ta jingina da rumbun.

Malamai sun rarrabe. A 1985, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta hana inshorar kasuwanci saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake zubi da niyyar kyauta. Asalin wannan yana cikin Sunna: Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, waɗanda idan guzuri ya ƙaranta sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai.

A nan jarrabawar take. Asusu ba ya araha sai masu lafiya sun shiga tare da marasa lafiya. In kowa ya jira sai ciwo ya kama shi, kuɗin zubi ya hau, talaka ya fita. Tun 2006 Nijar ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma dattijo mai hawan jini da mai ciwon suga suna nan suna ƙirga jaka-jaka a bakin farmasi.

Saboda haka wanda ya shekara yana zubi bai kwanta asibiti ba, kada ya ce ya yi asara. Allah ya ba shi lafiya, kuɗinsa kuma ya yi jinyar wani da bai sani ba, sadakar da riya ba ta samun ƙofa a cikinta.

Kafin ka shiga, bincika: waɗanne cututtuka asusun ke ɗauka, kashi nawa za ka cika daga aljihunka, wata nawa ake jira kafin a fara amfana, wa ke riƙe da kuɗin, a ina ake ajiye su. Amana ce, sai da rubutu da shaidu. In da hali, ka biya wa maƙwabcin da ya kasa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.