Yabon Gida da Haƙƙin Gaskiya

Al'ada ce a makarantun Nijar ɗalibai su shirya wasan kwaikwayo, ko waƙa, ko zane domin raya tarihin yankinsu. Aiki ne mai kyau, don kuwa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dai akwai tambayar da ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su tsaya a kanta: shin wanda ya tashi girmama ƙasarsu, wajibi ne ya ɓoye abin da ba shi da daɗin ji? Ƙasar Tondikandiya da maƙwabciyarta Kurfai, a jihar Tilaberi, sun isa misali.

Wannan yanki yana cikin Dallol Boso, tsohon kwarin kogi da ke arewa maso gabas da Yamai. Zabarmawa suka fi yawa a Tondikandiya, wadda Damana ce cibiyarta. Kurfayawa masu jin Hausa suna Filinge da kewayenta, Buzayen Imanan suna Bonkuku, Fulani makiyaya kuwa suna ratsa ko'ina. A ƙarni na 19 waɗannan al'ummu sun yi ciniki da juna, amma kuma sun kai wa juna hari, an kwashi dukiya, an kama bayi. Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20, sun jingina mulkinsu da mayaƙan da suka tarar, irin su Gado Namalaya a Kurfai da Karanta a Tondikandiya. Yau jikokin wanda ya kai hari da na wanda aka kai wa harin suna zaune a benci ɗaya a aji. Gwarzon wannan ɗalibi yana iya zama wanda kakar wancan ta riƙa ambata da kuka.

Masu cewa a tsaya ga yabo suna da hujja. Sun ce yaron da aka koyar da shi da Faransanci, aka cika masa kai da labarin wasu ƙasashe, yana bukatar ya fara sanin cewa gidansu ma yana da daraja. Sun ƙara da cewa tono tsohuwar gaba haɗari ne a jihar da rashin tsaro ya sa aka rufe ɗaruruwan makarantu a shekarun 2020. Wannan magana ba abin yarwa ba ce.

Amma aikin ɗalibi dabam yake da na maroƙi. Maroƙi yana da ubangida, kuma kowa ya san kirari kirari ne. Abin da ɗalibi ya rubuta kuwa, ƙannensa za su karanta shi a matsayin ilimi. In ya share bawa daga labari, ya share kakan abokin zamansa. Ko da yake dokar Nijar ta 2003 ta mai da bautarwa babban laifi, gorin asali bai mutu ba, kuma shiru ba ya kashe shi, sai dai ya bar shi yana yawo a bakin rijiya da wajen neman aure.

A dubi Seyni Kunce, ɗan Fandu ta Tondikandiya, wanda aka haifa a 1931, shekarar da fara da yunwa suka halaka jama'a da yawa a yammacin Nijar. Ya karɓi mulki da juyin soja ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar fari, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1987. Ana tuna shi da rabon abinci ga mabukata, da tsanani kan masu cin dukiyar gwamnati, da farfaɗo da Samariya. Shi ne kuma ya dakatar da tsarin mulki, ya hana jam'iyyu, ya tsare Jori Hamani shekara da shekaru. Wasan da ya nuna rabi ɗaya kaɗai ya mai da mutum gunki. Wanda ya nuna duka biyun ya koya wa mai kallo yadda ake auna shugaba.

Hanyar da ta dace ita ce a faɗaɗa abin yabon. Ɗalibi ya saurari tsofaffi fiye da ɗaya, daga gidan sarauta da gidan talaka, da Zabarmanci da Hausa da yaren Buzaye, ya rubuta inda suka saɓa ba tare da zagin kowa ba. Haka masana irin su Bubu Hama suka ɗauki tarihin baka da muhimmanci. A ba maƙeri da mai gina rijiya da matar da ta rayar da 'ya'yanta a shekarar yunwa matsayi a dandali, kusa da mai doki da mashi.

Gaskiya ɗaci gare ta, amma ƙaunar da ba ta jure mata ba ta da saiwa. Al'ummar da ta taɓa yaƙar juna, ta dawo tana cin kasuwa ɗaya, tana da abin alfaharin da ya fi cin yaƙi, kuma ba a iya nuna girman sulhun sai an ambaci faɗan.